Layi Uku da Na Goge

Kun taso kuna jin mutane suna cewa ni ne na haɗa asibitocin ƙauye da kwamfuta tun kafin wayar salula ta zo Kafanchan, ni kuma ban taɓa musawa ba, saboda yabo yana da daɗin ji. To, ba ni ba ne. Wanda ya yi wannan aiki Malam Bitrus ne, malamina na lissafi a sakandare. Abin da ni na yi shi ne juya aikinsa daga wani yaren kwamfuta zuwa wani, kuma a cikin juyawar na jawo wa wata mata, Sista Saratu, asarar aikinta da sunanta. Duk waɗanda suka san maganar sun rasu, saura ni, don haka in ban rubuta muku ba babu mai faɗa muku.

Ƙungiyar da na yi wa aikin ta coci ce. Tana da ƙananan asibitoci biyar a ƙauyukan da ke bayan Gidan Waya, ofishinta kuma yana cikin gari. Babu waya a ƙauyukan, hanya kuwa da damina sai babur, shi ma in rafi ya yarda. Sai Malam ya ɗauko tsofaffin kwamfutocin da aka ba su kyauta ya haɗa su da rediyon oba-oba. Kullum ƙarfe biyu na rana kwamfutar ofis takan kira asibitocin ɗaya bayan ɗaya. Da farko ta saki wata ƙara mai tsini ta rediyo, sannan ta yi sallama, ta can ta amsa, sai su yi musayar saƙo: magungunan da suka ƙare, ranar zuwan likita, ranar rigakafi. Ana yanka saƙon gutsi-gutsi, kowane gutsure da lambarsa, wanda ya lalace a hanya a sake turo shi. Duk wannan Malam shi kaɗai ya rubuta shi a yaren Pascal, bayan an tashi daga makaranta, ba wanda ya sa shi.

A tsakiyar shekarun casa'in abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Malam ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Sannan aka aiko wa ƙungiyar sababbin kwamfutoci, tsohuwar manhajar kuma ta ƙi tafiya a kansu yadda ya kamata. Ni a lokacin na gama jami'a na dawo gida, ina zaune a shagon Baba a kasuwa ina auna buhunan citta. Na yi aure, mahaifiyarku Rabi tana da cikin Hadiza, kuma ɗakin da muke ciki ma na Baba ne. Kakanku mutum ne mai tsokana, ba ya rasa abin faɗa duk safiya.

"Injiniya, zo ka duba mana sikelin nan, ko shi ma sai an kai shi jami'a?"

Matar Malam, Mama Rifkatu, ita ta ba da sunana a ofis. Ta ce mijinta ya sha cewa a cikin ɗalibansa Isyaku ɗan mai citta ne kaɗai yake gane abin da yake yi. Aka ɗauke ni gwaji na wata shida, in aiki ya yi kyau a tabbatar da ni. Ni kaɗai ne Musulmi a ofishin, kuma a shekarun nan garin bai gama hucewa ba, kowa yana taka-tsantsan da kowa. Amma gaskiya ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Ranar Juma'a ma su suke tuna mini lokaci ya yi.

Na yanke shawarar sake rubuta komai a yaren C, wanda shi na fi iyawa kuma shi ya dace da sababbin injinan. Wannan aiki ba ya kama da ƙirƙira, ya fi kama da kwashe kayan tsohon gida zuwa sabo: kowane abu sai ka ɗaga shi, ka duba, ka nema masa wuri. Pascal yakan ajiye tsawon magana a gabanta, shi kuwa C sai ya sa alama a ƙarshenta, in ka manta da wannan sai saƙo ya iso da wutsiyar shirme. Akwai wurin da manhajar take magana kai tsaye da ƙofar da rediyo yake shiga, nan ma na sha wuya, don harafi ɗaya in ya zo ba ka shirya ba ya wuce ke nan. Wata uku ina kan takardun Malam, masu huji a gefe, ina bin su da jan biro. Ina sha'awar hankalinsa, amma ina kuma jin daɗi duk inda na kama shi ya yi zagaye a wurin da hanya take miƙe. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma a ganina na fi malamina.

A shafi na goma sha ɗaya na tarar da wasu layi uku. Cewa suke, in asibiti na huɗu za a kira, bayan an saki ƙarar nan, inji ya tsaya ya yi ta ƙirge daga ɗaya zuwa wata lamba mai tsawo, ba ya yin komai sai ƙirgen, sannan ya yi sallama. Sauran asibitocin huɗu babu wannan. A saman layukan Malam ya bar bayani, kamar yadda yakan yi a ko'ina, sai dai duk sauran bayanansa da Turanci ne, wannan kuwa da yarensu ya rubuta, Jju, wanda mu a kasuwa muke ce wa Kaje.

Nan ya kamata ku gane irin gidan da kuka fito. Kakan Baba ya zo garin nan tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgi. An haifi Baba a nan, an haife ni a nan. Daga hannun mutanen nan muke sayen citta, da 'ya'yansu na yi makaranta, amma ban iya ko gaisuwa da yarensu ba, kuma ban taɓa jin wannan a matsayin rashi ba. Kowa da Hausa yake mana magana, sai muka ɗauka duk abin da ya shafe mu da Hausa zai zo. Abin da aka faɗa da yare, a wurinmu hirarsu ce ta gida. Haka na ɗauki layin nan. A ofishin akwai mutum biyu da za su iya karanta mini shi a minti ɗaya, teburin ɗaya ma yana jikin nawa. Ban tambaya ba. Na ce a raina tsohon gwaji ne Malam ya manta bai share ba, na ja masa jan biro, na wuce shafi na gaba.

Sabuwar manhajar ta fara aiki farkon damina. Abin da a da yake cin kusan minti ashirin yanzu a minti shida an gama, har Rabaran, shugaban kwamitin ƙungiyar, ya shigo ya tsaya a bayana yana kallo yana gyaɗa kai. Asibiti huɗu suna amsawa kullum. Na huɗun a jeri, wato na Sista Saratu, shi ne shiru. Injin yakan yi ƙara, ya yi sallama sau uku cikin daƙiƙa goma, ya rubuta ba amsa, ya wuce. Bayan mako guda ta aiko mai babur da takarda cewa mashin, wato kwamfutar, ya lalace, sai aka tura ni in duba.

Na isa da hantsi. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajeriya, shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana yarinya, in tana tafiya sai ta dafa gwiwa da hannu. Ita ce nas, ita ce ungozoma, ita ce mai shara, domin babu kowa a asibitin sai ita. Ɗakin da rediyo yake can ƙarshen fili ne a kan tudu, inda aka kafa eriya. Ta zuba mini tuwon acca, na ci, na hau tudun ni kaɗai. Ƙarfe ɗaya da rabi na kunna kwamfutar, na duba wayoyi, na duba batir, na zauna. Ƙarfe biyu ƙara ta zo, sallama ta biyo, inji ya amsa nan take, saƙon mako guda ya zubo. Ina cikin tattara kayana ta iso bakin ƙofa tana haki.

"Sista, ai lafiyarsa ƙalau. Ga shi ya karɓa."

"Yau ya yi ne don ya gan ka, ɗana. Kullum in na iso, ya riga ya tafi."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Ta faɗa mini matsalar gaba ɗaya a jimla ɗaya, ni kuwa na ji ta a matsayin irin uzurin da ma'aikata suke bayarwa. Ban tambaye ta daga ina take isowa ba, ban kuma lura cewa a kashe na tarar da kwamfutar ba. Na koma ofis na rubuta rahoto cewa na gwada na'urar asibiti na huɗu da hannuna, babu abin da ya same ta.

Washegari shiru ya dawo. Cikin makon da ya biyo aka sauya ranar rigakafin ƙyanda, aka tura sanarwa ta inji. Motar ta sha taɓo ta isa ƙauyen da kula cike da allurai, ta tarar mata duk suna gona, ba wanda ya san da zuwanta. Kafin a tara mutane rana ta yi, rafi ya cika, motar ta kwana a hanya, ƙanƙara ta narke, alluran da suka rage suka lalace. Masu ba da alluran suka nemi bayani a rubuce. Aka aika wa Sista takardar jan kunne, aka sa ranar Juma'ar sama kwamiti zai zauna a kanta. Rahotona shi ne babbar shaida.

Ranar Asabar kafin zaman na kai wa Malam tsofaffin takardunsa, don na gama da su. Na same shi a kujera ƙarƙashin mangwaro, Mama Rifkatu tana gefe tana tsince wake. Ta karɓi takardun tana buɗawa don ta nuna masa, sai ta tsaya a wani shafi ta fashe da dariya.

"Ka ga mutumin nan ko? Har cikin mashin sai da ya sa yare."

"Me ya rubuta, Mama?"

Ta matso da takardar kusa da ido. "Ya ce, a tsaya a jira Saratu ya iso, ƙafa nashi ba sauri. Ai haka ne. Batir na wurin ba ya riƙe wuta, so ba ya barin mashin a kunne, sai rediyo kawai. In ya ji ƙara ne zai bar masu ciwo, ya hau tudu, ya kunna. Malaminku ya je da agogo ya auna tafiyan shi."

Na dubi Malam. Idonsa yana kan jan layin da na ja a shafin. Ya ɗago hannunsa mai lafiya a hankali, ya nuna mini yatsu huɗu. Minti huɗu ke nan, daga ɗakin masu jinya zuwa kan tudu, har inji ya gama farkawa. Na ce masa na gane. Mama ba ta san abin da jan biro yake nufi ba, ta koma kan wakenta, shi kuma ba shi da bakin da zai faɗa mata.

A gida na faɗa wa mutum biyu. Rabi tana ninke kayan jariri, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To sai ka je ka gaya musu. Mene ne abin tunani a ciki?"

Baba kuwa yana jan carbi ya ba ni amsa, kuma ranar babu tsokana a bakinsa.

"Kai kaɗai ne namu a wurin. In ka ce kai ka ɓata, wani zai ce kuskure ne, wani zai ce da gangan ne, kuma na biyun ya fi saurin yawo a gari. Ka gyara abin kawai. In ya gyaru ai magana ta mutu, ita ma ta huta."

Ba zan ɗora wa Baba ba. Ya faɗi abin da nake so in ji ne, kuma tsoron da ya ambata gaskiya ne a lokacin. Amma na san a raina ba shi ne babban dalilina ba. Zaman da za a yi a kan Sista, a shi ne za a duba tabbatar da ni. Kuma ba na so in tsaya gaban mutanen da suke ce mini Injiniya in ce na goge abin da ban iya karantawa ba.

Ranar Litinin da safe na mayar da layukan. Wannan karon ban sa inji ƙirge ba, don sabon yana da sauri, zai gama kafin ta miƙe daga kujera. Na sa shi ya dubi agogo ya jira minti huɗu cif. Minti huɗu bayan ƙarar, asibiti na huɗu ya amsa. Haka Talata, haka Laraba, haka Alhamis. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na fitar da mu duka biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda wannan zai bayyana ga wanda bai san komai ba. Ranar Juma'a muna zaune a ɗakin taro, mutum bakwai da ni, Sista tana kan benci a gefe da jakarta a cinya, sai ma'ajin kwamiti ya ɗaga takardar da injin yake fitarwa.

"Ku duba da kanku. Sati biyar ba amsa. An ba shi takardar wonin, sai ga amsa kullum. Mashin ɗin ne ya karanta takarda ya ji tsoro?"

Sista ta ce ita ba ta canza komai ba, kullum tana jin ƙara tana tashi. Ta ce a da yana jiranta, sai ya daina, yanzu kuma ya koma jira. Wani ya yi 'yar dariya. Rabaran mutum ne mai adalci, bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni.

"Malam Isyaku, ka taɓa wani abu a mashin cikin satin nan?"

"A'a, Rabaran."

Ban san tsawon lokacin da ɗakin ya yi shiru ba. Na san dai ina kallon fankar sama, wadda ba ta juyawa don babu wuta. Aka sallame ta, aka rubuta kalmar sakaci a takardar, aka karanta a gaban dattawan cocin ƙauyen da ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwar 'ya'yansu. Abu na gaba a jerin zaman shi ne tabbatar da ni, kuma ba wanda ya ja. Na fita na yi alwala na tafi masallaci. Da na dawo gida na faɗa wa Rabi yadda aka yi, ta ce, "Allah ya sa alheri," ta shiga ɗaki. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma ba ta taɓa kirana Injiniya ba har ta rasu.

Aka tura wani saurayi mai ƙafa lafiya asibitin, aka sa masa sabon batir. Ya sha yin ƙorafi cewa nasa kiran yana ɓata lokaci, me ya sa sai an yi minti huɗu ana kallon juna. Nakan ce masa haka injin yake. Ban cire layukan ba har aka daina amfani da rediyon. Malam ya rasu shekara biyu bayan haka. Ina zuwa gaishe shi duk wata, yana karɓar hannuna, amma ni ban ƙara iya kallon idonsa sosai ba.

Sai da Hadiza ta shiga sakandare na je wurin Sista. Tana Kujama a gidan 'yarta, ƙafar ta ƙara tsanani, tana zaune a baranda tana ɓare gyaɗa. Ta gane ni tun daga bakin ƙofa. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga shafi na goma sha ɗaya. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta kore ni, har na shirya wa duka biyun. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Na sani, ɗana. Ranan Litinin ɗin da ya jira ni, na ce yawwa, wani ya karanta rubutun Bitrus. Wa zai karanta in ba kai ba?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?"

"In faɗa me? Ni na san mashin? Kuma matan ka yana da ciki, na ji."

Don in sami abin cewa, sai na gaya mata ban taɓa cire jiran ba, har ƙarshe kullum injin yana tsayawa minti huɗu a kan asibitinta. Ta gyaɗa kai.

"Mashin ya yi kirki. Ni ma na jira ka a mitin ɗin nan. Da ka ce a'a, na ce bari, yaro ne, zai tashi. Ina kallon agogon bango. Na ba ka fiye da minti huɗu."

Ta ce ta yafe mini tuntuni saboda Ubangiji, ba don na cancanta ba, ta sa jikarta ta ɗaura mini gyaɗa a leda. Takardar sallamar tana cikin Littafinta Mai Tsarki, ta nuna mini, ta yi laushi saboda ninki. Na koma ofis na rubuta wa sabon kwamiti gaskiyar magana. Ba wanda ya rage a cikinsu da ya san ta, sakataren ya ce za a duba fayil, kuma har yau ana dubawa. Na ji kunya a ranar fiye da yadda na taɓa ji, kuma kunyar ba ta amfane ta da komai ba.

Shafin, wanda Mama Rifkatu ta bar mini, yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, da jan birona a kai. Na sa an rubuta fassarar a ƙasa, na kuma aika wa 'yarta kwafi. In wani ya sake yabona a gabanku kan aikin nan, ku ce masa Malam Bitrus ne ya gina. In kuma kun haɗu da wani daga ƙauyen nan da ya ji an karanta waccan takarda, ku gaya masa Sista Saratu ba ta taɓa fashin ƙarfe biyu ba ko sau ɗaya. Duk ranar da injina ya rubuta ba amsa, tana kan hanya ne, tana hawan tudu.